Wa Ya San Nakata?

Wata ranar Asabar da daddare, bayan an tashi daga gidan kallo, muna zaune wurin mai shayi sai musu ya kaure tsakanin ɗan ƙanena da abokansa. Maganar ita ce, wane ɗan ƙwallon Japan ne ya fi kowa suna? Wannan ya ce Mitoma na Brighton, wancan ya ce Tomiyasu da ya buga wa Arsenal, wani ɗan Man U kuwa ya kafe a kan Kagawa. Har da wanda ya jefo sunan Park Ji-sung, aka yi masa caa, don shi mutumin Koriya ta Kudu ne. Ina gefe ina kurɓar shayina. Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na ce, "To ina kuka baro Nakata?" Aka yi tsit. Can sai ɗan ƙanen nawa ya ce, "Baffa, a wane kulob yake?"

Ban ga laifin yaron ba. Lokacin da Hidetoshi Nakata ya jingine takalmansa a 2006, shi yana goye a bayan uwarsa. Amma tambayar tasa ta tsaya mini a rai, domin mutumin da yake tambaya a kansa ya taɓa zama ɗan wasan da ya fi kowa tsada a nahiyar Asiya baki ɗaya, kuma da Pele ya zana jerin manyan 'yan wasa masu rai a 2004, shi kaɗai ne ɗan Japan da ya shiga ciki. Ga shi kuma samarin da ke iya lissafo maka 'yan bencin Chelsea ɗaya bayan ɗaya ba su taɓa jin sunansa ba. Ya aka yi haka?

An haifi Nakata ranar 22 ga Janairun 1977 a garin Kofu da ke lardin Yamanashi, yamma da Tokyo. Ya taso a daidai gaɓar da ƙwallon ƙafa ke sauya kama a ƙasarsu. Kafin 1993 babu cikakkiyar gasar ƙwararru a Japan. Ƙungiyoyin na kamfanoni ne, 'yan wasan kuma ma'aikatan kamfanin ne da ke amsar albashi kamar kowa. Wasan da ya mamaye zukatan mutane shi ne besbol, wanda suka karɓo daga Amurka, sai kuma kokawar sumo ta gargajiya. A 1993 aka buɗe gasar J.League, kuɗi suka shigo, manyan baƙi irin su Zico na Brazil da Gary Lineker na Ingila suka taka leda a can. Shekara biyu bayan haka, yana ɗan shekara 18, Nakata ya shiga ƙungiyar Bellmare Hiratsuka a matsayin ɗan wasan tsakiya.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, tun kafin duniya ta san shi Najeriya ta sha gaban yaron har sau biyu. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Japan a 1993, wadda su Nwankwo Kanu suka ɗauko kofinta, Najeriya ce ta fitar da masu masaukin baƙi da ci 2-1 a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe, kuma Nakata na cikin tawagar Japan. Sai kuma Olamfik na Atlanta a 1996, wanda kowane ɗan Najeriya mai shekaru yake tuna inda yake zaune ranar da aka doke Ajantina. Mun riƙe labarin Brazil da na Ajantina, mun manta cewa a rukuninmu akwai Japan. Su ne suka fara girgiza duniya, suka doke Brazil ɗin su Bebeto da Roberto Carlos da ci 1-0 a Miami, nasarar da har gobe Japanawa ke ɗauka a matsayin abin al'ajabi. Wasansu na biyu suka gamu da Najeriya, aka ba su kashi 2-0, Jay-Jay Okocha ya rufe da bugun fanareti a ƙarshen wasa. Brazil da Najeriya da Japan kowa ya tashi da maki 6, bambancin ƙwallaye ne ya mayar da Japan gida. A tawagar Najeriya ta lokacin akwai 'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi. Nakata yana ɗan shekara 19 ya tsaya a fili ɗaya da waɗannan taurarin namu, mu kuwa idonmu na kan namu.

Daren da ya mayar da shi gwarzon ƙasa shi ne na 16 ga Nuwamban 1997, a Johor Bahru ta ƙasar Malesiya. Japan ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba, kuma raunin 1993 bai warke ba, lokacin da Iraƙi ta farke musu ƙwallo a mintin ƙarshe a Doha, tikitin Amurka ya suɓuce. Wannan karon Iran ce a gabansu. An tashi 3-2, kuma duk ƙwallayen ukun da ƙafar Nakata a ciki: biyu shi ya miƙa aka zura, ta ukun kuwa shi ya ɗaɗa, mai tsaron ragar Iran ya amayar, Masayuki Okano ya tura ta ciki a ƙarin lokaci. Hukumar ƙwallon Asiya ta ba shi gwarzon shekara a 1997, ta sake ba shi a 1998. A gasar duniyar da aka yi a Faransa a 1998 Japan ta sha kashi a duk wasanninta uku, hannun Ajantina da Kuroshiya da Jamaika, amma duk wanda ya kalla ya lura da yaron nan mai rinannen gashi ja, wanda ke raba ƙwallo kai a sama kamar filin na gidansu ne.

A wancan zamanin, idan ana maganar ƙwallo, Italiya ake nufi. Can Ronaldo na Brazil yake, can Zidane yake, can Batistuta da George Weah da Del Piero suke, can Kanu da Taribo West suka je. Nakata ya sauka a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Perugia, mutane da dama suna gunagunin cewa an sayo shi ne don a sayar wa Japanawa riguna. A wasansa na farko suka karɓi baƙuncin Juventus, zakarun ƙasar. Perugia ta yi rashin nasara 4-3, amma biyu daga cikin ukun nan Nakata ne ya zura su. Ya gama kakar da ƙwallo 10 a gasar, abin da ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan tsakiya a ƙasar da masu tsaron baya suka mayar da hana cin ƙwallo sana'a. Masu cewa rigar ce aka saya ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, don Japanawa 'yan yawon buɗe ido sun riƙa tururuwa zuwa Perugia, tashoshin ƙasarsu kuma suka shiga nuna wasannin Italiya. Sai dai wanda ke cikin rigar ya iya wasa.

A Janairun 2000 ya koma Roma, kuma a nan ne ya yi abin da ya sa har yanzu idan ya taka birnin ake tsayar da shi a hanya. Matsalarsa a Roma ita ce Francesco Totti, ɗan gari, kyaftin, wanda ke buga gurbin da shi ma ya fi ƙwarewa a kai. Saboda haka benci ya zama mazauninsa. Ranar 6 ga Mayun 2001 Roma, tana saman teburi, ta je Turin wajen Juventus da ke biye da ita. Kafin a yi minti goma Del Piero da Zidane sun zura biyu. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, koci Fabio Capello ya yi abin da ba kowa ke da ƙarfin halin yi ba, ya cire Totti ya sa Nakata. Saura kamar minti goma a tashi, Nakata ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili, ya ɗan ja ta gaba, ya ɗirka daga nesa, ta wuce Edwin van der Sar ta shige saman raga. Lokaci ya cika, ana cikin ƙarin mintuna, ya sake sakin wata. Van der Sar ya kasa riƙewa, ta faɗo gaban Vincenzo Montella, ya ƙarasa ta. Aka tashi 2-2.

A yi lissafi. Roma ta gama kakar da maki 75, Juventus da 73. Da an tashi wasan nan yadda aka faro shi, da Juventus ce ke da 75, Roma na da 74. Kofin gasar Italiya da suka ɗauka a kakar nan shi ne na uku a tarihin Roma, na farko tun 1983, kuma daga shi ba su sake ɗaga wani ba. Ka ga kenan duk wani magoyin bayan Roma da ya haura shekara 35, ko ya manta sunan surukinsa ba zai manta na Nakata ba. Wani abin kuma, kwanaki kaɗan kafin wasan ne aka soke dokar da ta taƙaita yawan 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba da ƙungiya za ta iya sakawa. Rabo dai ba ya wuce ranarsa.

Daga nan Parma ta saye shi a kan kuɗin da ya kai kimanin Yuro miliyan 28, farashin da ba a taɓa biya wa wani ɗan Asiya ba, kuma ba a zarce shi ba sai a 2015 da Tottenham ta sayi Son Heung-min. Ya ci kofin ƙalubale na Italiya da Parma a 2002, ya zura wa Juventus ƙwallo a wasan ƙarshe zagayen farko. A shekarar ce Japan da Koriya ta Kudu suka karɓi baƙuncin gasar duniya. Nakata ya ci Tunisiya da ka a Osaka, Japan ta tsallake rukuni a karon farko kafin Turkiyya ta tare ta. Bayan haka tauraronsa ya fara dusashewa. Ya je Bologna aro, ya koma Fiorentina, rauni ya dame shi. A kakar 2005 zuwa 2006 aka ba da shi aro ga Bolton ta Ingila, inda ya tarar da Okocha, mutumin da ya ci su fanareti shekara tara da suka wuce, da kuma El Hadji Diouf na Senegal. Ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar Firimiya.

Wannan batu na Bolton shi ne rabin amsar tambayar ɗan ƙanena. Mu a nan, ta ƙofar Ingila muke leƙen ƙwallon duniya. Lokacin da Nakata ke kan ganiyarsa, daga 1998 zuwa 2002, tauraron ɗan'adam bai wadatu ba, gidajen kallo ba su cika unguwanni ba, yawancinmu sakamakon wasa a rediyo muke ji. Lokacin da gidajen kallo suka bazu kuwa, allon da ke ƙofar gida sunayen Arsenal da Chelsea da Man U da Liverpool ake rubutawa da alli, sai Barcelona da Real Madrid. Wasan Italiya sai in babu wani. Nakatan da ya iso gidan kallonmu shi ne na Bolton, wanda ya riga ya gaji, kuma ko a nan ɗin idonmu na kan Okocha. Mun ga wutsiyar abin, kan ya riga ya wuce.

Dubi Shinji Okazaki don ka gane abin da nake nufi. Ɗan wasan gaba ne mai wahala, ba ya gajiya, ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 50, ya yi ritaya a 2024. A fasaha ba wanda zai jera shi da Nakata. Amma yana cikin Leicester ɗin da ta ba duniya mamaki ta ɗauke kofin Firimiya a 2016, sannan Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya je ya same shi a can, Wilfred Ndidi ya biyo baya. Duk mai bibiyar Musa dole ya san Okazaki, don sau da yawa gurbi ɗaya suke nema. Haka Keisuke Honda, wanda ya yi zama da Musa a CSKA Moscow. Kagawa shekara biyu kacal ya yi a Man U, bai ma samu yadda yake so ba, amma da yake rigar ja ce ya sa, sunansa ya zauna a bakin yara. Wanda kuma ya fi ba ni dariya shi ne Junichi Inamoto: ya je Arsenal a 2001, bai buga ko wasa ɗaya na gasar Firimiya a rigarsu ba, amma tsofaffin 'yan Arsenal na nan suna tuna shi.

Idan ka sauya wurin tsayuwa, jerin sai ya kife. Ka je birnin Glasgow na Sikotilan ka tambayi magoya bayan Celtic, za su ce maka ɗan Japan ɗaya ne, Shunsuke Nakamura, mai ƙafar hagun nan da ya lanƙwasa bugun tazara ya wuce Van der Sar a Nuwamban 2006, Celtic ta doke Man U da ci 1-0 a gasar zakarun Turai. Shi ma Van der Sar, Allah sarki, Japanawa sun sa shi a gaba. Ka tsallaka Jamus, mutanen Frankfurt za su kira maka Makoto Hasebe, wanda ya ci kofin Bundesliga da Wolfsburg a 2009, ya ci kofin Europa da Frankfurt a 2022, ya buga har ya kai shekara 40. Dattawan birnin Kolon kuwa za su ce duk waɗannan yara ne, su Yasuhiko Okudera suka sani, wanda ya iso musu a 1977, ya ci gasa da kofin ƙalubale tare da su a 1978, tun Nakata na rarrafe. A Rotterdam ta Holan, Shinji Ono ne sarki, don yana cikin Feyenoord da ta ci kofin UEFA a 2002.

Ambaton Ono ya tuno mini da wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A Afrilun 1999 Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, kuma rukunin Japan a Kano da Bauchi aka buga shi, tare da Kamaru da Ingila da Amurka. Mai horar da su shi ne Philippe Troussier, Bafaranshen da ya riƙe Super Eagles a 1997. Yaran nan, ƙarƙashin jagorancin Ono, suka yi ta tsallake shinge har wasan ƙarshe a Legas, inda Sifaniyar su Xavi ta lallasa su 4-0, Ono na waje saboda katin gargaɗi. A cikinsu akwai Inamoto, akwai Yasuhito Endo wanda daga baya ya buga wa Japan wasa 152, adadin da babu namijin da ya kai. Akwai ma wani Nakata, Koji Nakata, mai tsaron baya, wanda ba ɗan'uwan namu ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Saboda haka idan wani dattijo ya rantse maka cewa ya ga Nakata da idonsa a Bauchi, kada ka ƙaryata shi, ka dai tambaye shi wanne. Mutanen da Japan ke kira zuriyarta ta zinariya sun sha ranarmu, sun taka ciyawarmu, yau kuwa ko a Kano da wuya ka sami mai tuna sunan ɗaya daga cikinsu.

To a cikin Japan ɗin fa? A can ma maganar ba ta miƙe ba. Idan yawan ƙwallaye ake bi, a cikin maza Kunishige Kamamoto ne a gaba da 75 a wasa 76. Shi ne ya fi kowa zura ƙwallo a Olamfik na Meziko a 1968, inda Japan ta samu tagulla, kuma uku daga cikin bakwai ɗin da ya ci Najeriya ya zura wa a wasan farko. Amma ya yi rayuwarsa ta wasa a ƙungiyar kamfanin Yanmar, a zamanin da ba a nuna wasa ko'ina, don haka a wajen ƙasarsa sai masu tonon tarihi. Idan ƙaunar jama'a ake bi, da wuya a wuce Kazuyoshi Miura, wanda suke kira Sarki Kazu. Shi ya riga Nakata zuwa Italiya, ya buga wa Genoa a 1994, amma koci Takeshi Okada ya ajiye shi ana gab da tafiya Faransa a 1998, bai taɓa taka gasar duniya ba, ya kuma ci gaba da buga ƙwallon ƙwararru har ya haura shekara 55. Idan kuwa kofi ake bi, to duk mazan nan su ja da baya. Homare Sawa ce ta jagoranci matan Japan suka ci kofin duniya a Jamus a 2011, watanni kaɗan bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka hallaka dubban mutane. Ita ta farke wa Amurka ƙwallo a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe, ita ta fi kowa ci a gasar, ita FIFA ta ba gwarzuwar duniya ta shekarar. Ta buga wasa 205, ta ci 83. A wurin mai shayin nan babu wanda sunanta ya ko gifta masa, har da ni a daren.

Sannan duk wannan a cikin da'irar ƙwallon ƙafa ne. Da zarar ka fita daga cikinta, 'yan besbol irin su Ichiro Suzuki da Shohei Ohtani su ne fuskokin da ke kan allunan talla da shafukan farko na jaridu. Mu kuwa ko a hanya muka gamu da Ohtani ba za mu waiwaya ba.

Inda Nakata ya sha bamban da sauran shi ne, sunansa ya fita daga fili tun yana wasa. Alƙalumansa ba su da kauri: wasa 77 ya buga wa Japan, ƙwallo 11. Amma ya zo da wani hali da Japanawa ba su saba gani a ɗan wasansu ba. A al'adar da ƙarami ke rusuna wa babba, shi yana ɗan shekara 20 yana ɗaga wa yayyensa murya a fili yana nuna musu inda za su tsaya. Ba ya shiri da 'yan jarida, sai ya buɗe shafinsa na intanet yana magana da masoyansa kai tsaye, tun ba a san Facebook ba. Ya iya Italiyanci da Turanci, yana halartar bukukuwan nuna kayan ado, kamfanoni na rububinsa don talla, har Turawa suka riƙa kwatanta shi da David Beckham. Matan da ba su san dokar satar gida ba sun san shi. A ganina wannan ya taimaki sunansa, ya kuma cuce shi. Ya taimake shi don ya kai shi inda ƙwallo ba ta zuwa. Ya cuce shi don ya ba masu ƙorafi abin faɗa, cewa gayu ya fi aikin yawa, har aka riƙa manta irin ƙarfin jikinsa da yadda manyan masu tsaron bayan Italiya ke bangazarsa su ga ya ƙi faɗuwa.

Sai kuma yadda ya tafi. Ranar 22 ga Yunin 2006, a gasar cin kofin duniya, a Dortmund, Japan na buƙatar doke Brazil kafin ta tsallake rukuni. Su suka fara ci, Ronaldo ya farke, daga ƙarshe aka tashi 4-1. Da alƙalin wasa ya hura tashi, 'yan wasa suka gaisa, suka yi musayar riguna, suka nufi ɗakin sauya kaya. Nakata ya je da'irar tsakiyar fili ya kwanta rigingine, ya rufe fuskarsa, ya daɗe a haka, fili na watsewa kyamarori na kansa. Masu kallo sun ɗauka zafin shan kashi ne kawai. Ranar 3 ga Yuli ya sanar a shafinsa cewa ya bar ƙwallo, kuma ya ce tun watanni shida kafin nan ya yanke shawarar. Shekararsa 29. Daga baya ya bayyana cewa daɗin wasan ne ya fita daga ransa.

Wannan ita ce ragowar amsar. Suna kamar wuta yake, sai ana tura masa itace. Tsohon ɗan wasan da ya zama koci, ko mai sharhi a talabijin, ko jami'in hukuma, kullum yana gaban ido, yara na tambaya wane ne wannan, ana ba su labari. Nakata bai bi ko ɗaya ba. Ya ɗauki jaka ya shiga yawon duniya na wasu shekaru, yana shirya wasannin tara kuɗin taimako jefi-jefi. Daga 2009 ya koma gida ya bi larduna 47 na Japan ɗaya bayan ɗaya, yana zama da manoma da masu ginin tukwane da masaƙa da sauran masu sana'ar hannu. A 2015 ya kafa kamfanin tallata sake, wato giyar shinkafa ta gargajiyarsu. Sana'a ce da ba ta da wuri a tsarinmu, amma a can ita ce ta ba shi sabon suna, har akwai matasan Japan da suka fi saninsa da ita fiye da ƙwallon da ya ci Juventus.

Idan aka matsa mini sai na yanke hukunci a musun mai shayi, zan ce a cikin mazan Japan da suka jingine takalma, babu wanda sunansa ya kai nisan da na Nakata ya kai a zamaninsa. Okudera ya riga shi zuwa Turai, Kamamoto ya fi shi ƙwallaye, Hasebe ya fi shi daɗewa, Endo ya ninka shi wasanni kusan sau biyu. Amma shi ne ya sa manyan ƙungiyoyin Turai suka fara ɗaukar ɗan Japan da muhimmanci, suka yarda a zuba masa kuɗi irin wanda ake zuba wa ɗan Brazil, kuma sau uku sunansa na shiga jerin masu takarar Ballon d'Or, a 1998 da 1999 da 2001. Mitoma da Tomiyasu da yaran nan ke yi wa musu, ta hanyar da ya share suka bi.

Ɗan ƙanena bai gamsu a daren ba. Ya ce in dai mutum ya isa, ai da ya ji shi. Na ce masa shi ma Rashidi Yekini, ka je Osaka ka tambayi sa'anka ka ji abin da zai ce maka. Na karɓi wayarsa na nemo masa wasan Juventus da Roma na 2001, suka haɗa kai su biyar a kan ɗan gilashin, hoton duk ya dushe. Da ƙwallon farko ta shiga sai ɗan Man U ɗin ya ce a mayar baya. Mai karatu, in kana da data, kai ma ka nemo shi, lamba 8 ce a bayan rigar.